In An Hana Ka Diyyar Rauni, Ga Abin Da Za Ka Yi

 

Sau da yawa a wannan fili mu kan yi magana a kan yadda za a tsare jiki daga cuta. Yau kuwa za mu juya ga mutumin da tsautsayi ya riga ya faɗa masa a wurin aiki. Kusan kowane ƙauye akwai irinsa. Wani ya tafi cin rani birni, ya kama aikin lebura wurin gini, ya faɗo daga bene, ya komo gida da gurguwar ƙafa. Wani injin casar shinkafa ya cinye masa yatsu. Wani direba ne, mota ta kife da shi. Wani kuwa ya yi shekaru yana fasa dutse, yanzu ba ya iya hawa ɗan tudu sai ya tsaya ya huta.

Waɗansu daga cikin mutanen nan sun nemi diyya. Aka aiko musu da takarda cikin Turanci cewa ba su cancanta ba, ko aka yanka musu abin da bai kai ya kawo ba, ko kuwa aka yi shiru har yau. Galibi sai mutum ya linke takardar ya jefa cikin adaka, ya ce haka Allah ya so. To, haƙuri abu ne mai kyau, amma haƙuri bai hana neman haƙƙi ba. Takardar farko ba ita ce ƙarshen magana ba, gama doka da kanta ta ba ka iko ka ce a sake dubawa. Sai dai abu biyu ke tsai da wannan magana ko su kā da ita: takarda da ƙidayar kwanaki. A kansu za mu tsaya yau.

WACE DIYYA CE WANNAN?

A watan Disamba na 2010 Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1987. A tsohuwar doka nauyin biya yana wuyan ubangida ne, watau wanda ya ɗauki mutum aiki. A dokar 2010 kuwa an kafa asusu guda, kowane ubangida yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biyan ma'aikatansa kowane wata, daga asusun nan a ke biyan wanda ya ji rauni. Ba a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci domin wannan, doka ta hana. Hukumar da ke riƙe da asusun ita ce a ke kira NSITF a taƙaice. Babban ofishinta yana Abuja, tana kuma da ofisoshi a manyan biranen jihohi.

Dokar ta ɗauki duk wanda ke yi wa wani aiki ana biyansa, ko na Gwamnati ne, ko na ƙaramar hukuma, ko na kamfani, ko na wani attajiri. Ta haɗa da lebura na wucin gadi, da ɗan koyon sana'a, da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Ko da baki kurum aka yi yarjejeniyar aikin, ba a rubuta kome ba, dokar ta san da kai. Amma ba ta ɗauki soja ba. Haka kuma manomin da fartanya ta sare shi a gonarsa ta kansa ba shi cikin wannan magana, gama ba shi da ubangida.

Raunin da a ke biya shi ne wanda aiki ya jawo, ko ya auku cikin aiki. Har haɗarin da ya same ka a hanya tsakanin gidanka da wurin aiki yana ciki, in ubangida ya riga ya san inda ka ke zaune. Akwai kuma cututtukan da sana'a ke kawowa sannu a hankali, kamar ciwon huhu na ƙurar dutse, da kurumtar da ƙarar inji ke jawowa.

Ga yadda a ke lissafi. Wanda ya naƙasa ɗungum har abada, ba ya iya wani aiki, ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Misali, in albashinsa naira 100,000 ne, zai riƙa karɓar 90,000. Wanda naƙasarsa ta sashen jiki ce, hukuma za ta kimanta abin da raunin ya rage masa na samu, ta biya shi kashi 90 cikin 100 na abin da ya ragu. In ta ce abin da ya ragu 40,000 ne, zai sami 36,000. In ta ce 10,000 ne kurum, 9,000 zai samu. Kun ga ke nan, kimantawar nan ita ce wurin da gardama ta fi yawa. Ban da kuɗi, dokar ta ba hukuma iko ta ɗauki nauyin magani, da aikin tiyata, da sandunan tafiya, da ƙafa ko hannu na roba. In kuwa ma'aikaci ya rasu, iyalin da ya ke ciyarwa su ne ke da haƙƙin nema.

KATIN ƊAKIN SHAN MAGANI SHI NE SHAIDARKA TA FARI

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Maganar diyya tana farawa ne ranar da aka ji rauni, a gaban malamin asibiti.

Ka je ɗakin shan magani ko asibiti a ranar, ko da ka ga raunin ƙarami ne. Amfanin farko na jikinka ne: za a wanke ciwon, a ɗaure da tsabtataccen bandeji, a yi maka allurar rigakafin cutar nan mai sarƙe haƙora. Amfani na biyu kuwa, za a rubuta sunanka da kwanan wata cikin littafi, a ba ka kati. Bayan shekara biyu abokan aikinka sun watse, wani ya mance, wani yana tsoron a kore shi in ya yi magana, amma littafin nan yana nan bai mance ba.

Mutane da yawa in sun karye su kan wuce kai tsaye wurin maɗori. Sai bayan wata uku, ƙashi ya kama a karkace, ko ɗauri ya yi tsanani ƙafa ta ruɓe, sa'an nan a kawo su asibiti. Maɗori ba ya rubuta kome. In hukuma ta duba ta ga an ce haɗari ya auku cikin watan Maris, takardar asibiti ta fari kuwa ta watan Yuni ce, dole ta tambaya ina aka shiga cikin wata ukun nan, kuma me ya tabbatar ba a wani wuri dabam aka karye ba.

Sa'ad da malamin asibiti ya tambaye ka abin da ya faru, faɗa masa gaskiya dalla-dalla: wane inji, a wurin aikin wa, da ƙarfe nawa, hannun dama ne ko na hagu. Ka roƙe shi ya rubuta cewa a wurin aiki ne. Akwai ubangidan da zai kai yaronsa asibiti da motarsa, ya biya kuɗin magani, sa'an nan ya ce masa, "In an tambaye ka, ka ce a gida ka faɗi." Yaro ya ga an kyautata masa, ya ji kunya, ya faɗi haka. Layi ɗayan nan da aka rubuta a kati ya isa ya rushe maganar diyya gaba ɗaya.

Malamin asibiti na ƙauye ba shi ne ke yanke iyakar naƙasa ba, wannan aikin likita ne a babban asibiti. In ya ba ka takarda ya ce ka tafi can, ka tafi, kada ka tsaya jiran kaka. Ka adana katin, da takardar da ya ba ka, da hoton ƙashi, da rasidin kowane magani da ka saya.

WA'ADI HUƊU DA BA A WASA DA SU

Na ɗaya, kwana 14. Cikin kwana 14 da aukuwar abin, lalle ne ka sanad da ubangida, ko wakilinsa da ke kula da aiki. Ka faɗi sunanka, da lokaci, da wuri, da irin raunin da abin da ya jawo shi. In kana kwance, wani naka ya yi maka. Gara a yi a rubuce, a riƙe kwafi.

Na biyu, kwana 7. Wannan na ubangida ne. Doka ta ɗora masa ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7, ƙin yin haka kuwa laifi ne. Kada ka ɗauka ya yi. Ka tambaye shi, kana ka aika wani ofishin hukuma ya bincika ko rahoton ya iso.

Na uku, shekara 1. Takardar neman diyya, watau fom ɗin da hukuma ke bayarwa, lalle ta shiga cikin shekara guda daga ranar rauni. In wani babban dalili ya hana, hukuma kuma ta gamsu da shi, tana iya karɓa har zuwa shekara 3. Amma wannan rangwame ne, kada ka dogara da shi.

Na huɗu, kwana 180. Shi ne wa'adin ƙara in hukuma ta yanke abin da ba ka yarda da shi ba. Wanda ya bar shi ya wuce, dokar ta ce damarsa ta faɗi. Ku lura da kyau, ana ƙidaya ne daga ranar da aka yanke hukuncin, watau kwanan watan da ke kan takardar, ba daga ranar da ta iso ƙauyenku ba. In takarda tana ɗauke da 1 ga Janairu, wa'adi zai cika a ƙarshen Yuni, ko da kuwa ta yi wata biyu a aljihun ɗan saƙo. Da watan Turawa a ke lissafi. Ka ƙidaya har da ranakun hutu da na Salla domin kada ka makara, ka kuma sa a ranka za ka kai ƙararka cikin wata na fari. Ba a fafe gora ranar tafiya.

INDA TAKARDU KE SAMUN TANGARƊA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sau da yawa wanda aka hana, rauninsa gaskiya ne, a takardunsa ne aka sami tsaga. Ga waɗanda suka fi yawa.

Suna. Mu a ƙasar nan mutum ɗaya ya kan amsa suna uku. A wurin aiki an san shi da laƙabinsa, a ce Ɗanjuma. A katin asibiti an rubuta sunan yanka, Muhammadu. A banki kuwa an rubuta Mamman, an liƙa sunan garinsu a wurin sunan uba. A ƙauye kowa ya san mutum ɗaya ne, amma akawun da ke duba fayil bai taɓa ganinka ba, shi mutum uku ya gani. Maganin wannan, ka zaɓi sunan da ke kan takardar lambarka ta ɗan ƙasa, wadda a ke kira NIN, mai lamba 11, ka riƙa ba da shi harafi da harafi ko'ina. In an riga an saɓa, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa cewa sunayen nan duk naka ne, ka haɗa da fayil. In kuskuren yana kan takardar ɗan ƙasa ne, a ofishin da ya ba da ita a ke gyarawa. Sunan da ke kan asusunka na banki shi ma lalle ya dace da sauran, in ba haka ba sai a yarda a biya ka, kuɗi kuma su kasa shiga.

Shekaru. Yawancinmu ba a rubuta ranar haihuwarmu ba, kowane ofis muka je sai mu yi kirdado. Ka tsaya a kan rana ɗaya, wadda ke kan takardar ɗan ƙasa.

Shaidar aiki da albashi. In ubangida ya ce bai san ka ba, ko ya rage albashinka a rahotonsa, me za ka nuna? Katin aiki, takardar albashi, saƙon banki da ke shigowa waya ƙarshen wata, littafin da a ke kiran suna da safe, ko abokan aiki biyu da za su sa hannu cewa tare ku ke. In kuwa ta bayyana ubangida bai yi rajista da hukuma ba, ko ba ya zuba kuɗi cikin asusu, wannan laifinsa ne. Ka kai maganar ofishin hukumar, da ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku, a rubuce.

Rahoton likita. A nan al'adarmu mai kyau ta kan cuce mu. An koya mana in an ce, "Yaya jiki?" mu ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Daidai ne wurin mai zuwa dubiya. Amma likitan da ke rubuta rahoto in ya ji haka sai ya rubuta cewa mutum ya sami sauƙi, a kan rubutun nan kuwa za a kimanta diyyarka. Ka gode wa Allah, sa'an nan ka faɗa wa likita abin da ka kasa. Ka ce ba ka iya damƙar ƙotar fartanya, ba ka iya ɗaga bokitin ruwa, ba ka iya durƙusawa sai a zaune ka ke salla, in ka yi tafiya daga gida zuwa kasuwa ƙafa ta kan kumbura. Rahoto mai amfani ya kan faɗi abu huɗu: irin raunin, abin da ya jawo shi, ko mai warkewa ne ko na har abada, da aikin da mutum ba zai ƙara iyawa ba. Ya zamana kuma da sunan likita, da sa hannunsa, da hatimin asibiti, da kwanan wata. Kada kuwa ka ƙara gishiri. Likita yana da hanyoyin gwadawa, in ya kama ka da ƙarya ɗaya, gaskiyarka tara sun raunana.

Ɓatan fayil. Takarda ta kan ɓace a ofis, ko a ajiye ta inda ba nan ne wurinta ba, ko akawun da ya karɓa a yi masa canjin wurin aiki. Saboda haka kada ka miƙa kowace takarda sai ka yi kwafinta. In ka kai, ka ce a buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za ka koma da shi gida. Ka tambayi lambar fayil ɗinka, ka rubuta ta. Ka sayi ƙaramin littafi, duk ran da ka je a rubuta maka rana, da wanda ka gani, da abin da ya ce. In akwai mai waya a gidanku, ya ɗauki hoton kowace takarda. Takardun kuwa ka sa su cikin leda, ka sa ledar cikin gwangwani mai murfi, saboda gara da ɓera da yoyon damina.

YADDA A KE YIN ƘARA

Da fari, ka nemi hukuncin a rubuce. In wani ya leƙo ta taga ya ce maka, "Naka bai yiwu ba," wannan ba hukunci ba ne. Ka ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a taimake ni da takarda, da dalili a ciki."

Na biyu, ka sa a karanta maka ita a fassara maka da Hausa, gara mutum biyu dabam dabam, kamar malamin makaranta da malamin asibiti. Abin da ka ke nema a ciki shi ne dalilin hanawa, gama shi za ka amsa. Mutane su kan cika takarda da labarin yunwar 'ya'ya da bashin da ke kansu. Gaskiya ne, abin tausayi ne kuma, amma ba shi aka tambaya ba.

In an ce ba ka sanar cikin kwana 14 ba, dokar ta ba da mafita: in ubangida ko wakilinsa ya riga ya san abin ya faru, hukuma tana iya yarda. To, ka nuna cewa a gaban shugaban leburori abin ya auku, ko kuwa motar kamfani ce ta kai ka asibiti. In an ce ba a wurin aiki ba ne, ka kawo katin ranar fari da shaidu. In an ce ka wuce shekara, ka kawo takardar asibiti mai nuna watannin da ka yi a kwance. In an ce naƙasar kaɗan ce, ka koma wurin likitan da ya ƙware a wannan sashen jiki, na ƙashi ko na ido ko na kunne, ya sake aunawa ya rubuta sabon rahoto. In an ce dā ma kana da tsohon ciwo a wurin, ka sani wannan bai kā da maganar duka ba, doka ta yarda a biya gwargwadon abin da sabon rauni ya ƙara.

Na uku, a rubuta takardar ƙara zuwa ga hukumar kanta. Doka ta ce lalle a rubuce, zuwa da baki ba ya tsai da ƙidayar kwanaki. Tun da aikin ofis da Turanci a ke yinsa, ka sami wanda zai juya maka ita, ya kuma karanta maka kafin ka sa hannu. Ba a son dogon surutu. Ga kamanninta:

"Ni wane ɗan wane, mai fayil lamba kaza, na sami takardarku ta ran kaza ga watan kaza, wadda ta ce an hana ni diyya saboda dalili kaza. Ban yarda da wannan hukunci ba, ina roƙon a sake dubawa bisa sashe na 55 na Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010. Hujjata ita ce kaza da kaza. Na haɗo da kwafin takardu guda kaza, ga jerinsu. Ga adireshina da lambar wayata."

Ka yi ta biyu, ka kai ofishin hukuma da kanka ko ta hannun amintacce, a buga hatimi a kan taka. In ta gidan waya za ka aika, ka yi mata rajista ka riƙe rasidi. In wa'adi ya matso rahoton likita kuwa bai fito ba, kada ka jira. Ka kai takardar ƙara, ka rubuta a ciki cewa rahoto yana tafe.

Ita ma hukuma doka ta ɗaure ta: cikin kwana 180 za ta gama da ƙararka. Ka riƙa leƙawa wata wata da kwafinka a hannu. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar hana wariya ga naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ce in ana layi a fara sallamar mai naƙasa. Don haka in ka je da sanda, ba roƙon alfarma ka ke yi ba in ka ce a duba ka da wuri.

IN AN SAKE HANAWA, KO AN YI SHIRU

In hukuma ta sake dubawa ta tsaya a kan bakanta, saura kotu. Kotun da doka ta ambata ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana zama a Abuja, da Kano, da Kaduna, da Jos, da Sakkwato, da waɗansu biranen. Wannan ba maganar kotun gari ba ce, kada ka ɓata kuɗin mota a can. A nan kuwa ana bukatar lauya, a kuma same shi da wuri.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfi. Dokarta ta 2011 ta ambaci maganar diyyar ma'aikata cikin ayyukan da ta ke ɗauka, tana kuma da ofis a jihohi. In kuwa damuwarka jinkiri ne, ko ɓatan fayil, ko wulaƙanci, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975. Ba ta karɓar kuɗi, tana da ikon rubuta wa ofis ta nemi bayani. Sai dai ba ta shiga maganar da ke gaban kotu, kuma ana so a kai mata kuka cikin wata 12 da aukuwar abin. Ka tuna, kai kuka wurinta bai tsai da kwana 180 ɗin nan ba, takardar ƙara dabam ta ke. In kana cikin ƙungiyar ƙwadago, ka gaya wa sakatarenta tun da fari, sun saba da irin wannan aiki.

GARGAƊI

A bakin kowane babban ofis ba a rasa wanda zai tare ka ya ce ya san na ciki, kawo kaza a fito maka da fayil. Kada ka ba shi kuɗi, kada ka ba shi takardunka. Duk kuɗin da ba a ba da rasidi a kansa ba, ba na Gwamnati ba ne.

Kada ka dangwala yatsa a kan farar takarda, ko wadda ba a karanta maka ba. In ubangida ya ba ka wani abu na taimako, karɓa ba laifi. Amma in ya ce ka sa hannu ka yafe diyya, ka sani dokar ta ce irin wannan yarjejeniya ba ta da ƙarfi. Wanda ya riga ya dangwala cikin rashin sani, kada ya ɗauka maganarsa ta mutu, ya je ya nemi shawara.

Kada kuma ka bar shan magani, ko ka ƙi motsa gaɓa yadda likita ya nuna maka, wai don rauni ya yi muni a ƙara maka kuɗi. Gaɓar da aka bari ta sandare ba ta komowa, babu kuwa diyyar da ta kai hannu mai aiki. Zuwanka ɗakin shan magani a kan kari yana gyara jikinka, yana kuma ƙara cika littafin da zai yi maka shaida.

Muna roƙon malaman asibiti, da dagatai, da masu unguwa, da limamai, da malaman makaranta, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan magana. In akwai wanda takardarsa ke cikin adaka, a fito da ita yau a duba kwanan watan da ke kanta, watakila da sauran kwanaki.

Allah ya tsare mu daga tsautsayi, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, amin.